Gaɓar rafi na ruftawa: wace shuka ce za ta riƙe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gonata a bakin rafi take, duk damina sai ruwa ya ci gaɓar ta rufta. An ce in dasa itatuwa. Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin zancen itace, sauka cikin rafin da rani ka duba gindin gaɓar. Daga can ɓarnar take farawa. Ruwa yakan yi ta ƙwaƙule ƙasar gindin har saman ya rasa abin da zai tallafe shi, sai ya rufta. Abin ya fi tsanani inda rafi ya yi kwana, a gefen da ruwa ke duka.

Gaɓar da ke tsaye kamar bango ba ta riƙe shuka. A kwantar da ita tukuna: duk mita 1 na tsayi a ja ta baya mita 2, in ƙasar rairayi ce mita 3. A jera manyan duwatsu a gindin, domin inda ruwa ke gudu kullum ba ciyawar da za ta kama.

Shukar da muka fi amincewa da ita ita ce ciyawar jema. Saiwarta tana nutsewa tsaye, har mita 2 zuwa 3, ta saƙe ƙasa. Ganyenta kuma yana rage wa ruwa ƙarfi, laka ta kwanta a bayanta. A rarraba tsohuwar dunƙule, kowane dashe da tsiro 2 ko 3, a datse ganyen zuwa santimita 20, saiwar zuwa 10. A dasa layi-layi bisa tsawon gaɓar, santimita 10 zuwa 15 tsakanin dashe, kimanin mita 1 tsakanin layi. A danne ƙasar da kyau. Kada a yi rowar iri: duk giɓin da aka bari, nan ruwa zai taru ya yanka kwari. Dashen da ya mutu a maye gurbinsa nan da nan.

Jema tana son kimanin wata 3 kafin ta kafu. Wanda ya dasa ana gab da ambaliya, ruwa zai tafi da ita. Gara a dasa da ruwa ya janye, ƙasa na da danshi, a riƙa ban ruwa. A kewaye wurin, a ware wa dabbobi mashaya guda, domin kofato na rusa gaɓa.

Tambaya: To itatuwan fa?

Amsa: A dasa su, amma can sama, mita 3 zuwa 5 daga bakin gaɓa. Babban itace a kan gaɓar, in ruwa ya ci gindinsa, faɗuwa yake yi ya tumɓuko ƙasa mai yawa. Inuwarsa kuma tana raunana jema, wadda sai da rana take yi.