Eh Malam, ana iya kai gwamnati kotu

Malam, ka tambaya ko ana kai gwamnati ƙara kan sauyin yanayi. Wallahi ana kaiwa. A Holan ƙungiyar kare muhalli mai suna Urgenda ta maka gwamnatinsu a kotu, 2019 kotun ƙoli ta ce dole a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da kashi 25 cikin ɗari. Amma mu nan unguwar Nima a Accra ambaliya ce ke cin mu, duk damina babban kwata ya toshe da leda ruwa ya shiga ɗakuna har kan katifa, kuma wa ya manta ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah Circle? In za mu kai ƙara, ku ɗauki hoto, ku rubuta asarar kowane gida, sannan a nemi lauya a ƙungiyance, don shari'ar nan tana cin kuɗi sosai.