Sautin jita mai ruri: amsar tambayar wani almajiri a Jidda

Tambaya: Mu'allim, barka da aiki. A sutudiyon da nake koyon aiki a nan Jidda muna da Line 6 Helix, na'urar da ke kwaikwayon amfilifayoyin jita da akwatunan sifikunsu. Na zaɓi amfilifaya mai ruri, na ƙure gen, a hedifon yana min daɗi. Amma da zarar ganguna da jitar bes sun shigo, ko an fitar da shi a manyan sifiku, sai ya koma kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Ina matsalar take?

Ɗana, na'urarku lafiyarta ƙalau. Gen ɗin da ka ƙure, wato maɓallin da ke tura sauti har ya murƙushe ya yi ruri, shi ne farkon matsalar. Idan gen ya yi yawa, sai ya matse sautin har bugu mai ƙarfi da bugu mai laushi su zama ɗaya, kaifin farkon bugun ya mutu, duk wata ƙara da ke cikin waya kuma ta kumbura. Rurin da kake ji a waƙoƙin manyan makaɗa, yawancinsa jita ce aka ɗauka sau biyu, ɗaya aka tura dama ɗaya hagu, ga jitar bes tana riƙe da ƙasa. Da za ka ji ɗaya ita kaɗai, za ka yi mamakin ƙarancin gen ɗinta.

Buɗe sabon fage babu komai a ciki. Zaɓi amfilifaya guda ka tsaya a kansa. PV Panama kwaikwayon Peavey 5150 ne na 1992, a ɗaure yake, ya fi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. Cali Rectifire kuwa kwaikwayon Mesa Boogie Dual Rectifier ne, ƙasansa na da faɗi amma yana da sako-sako. Ni dai ina ganin ka fara da na farkon. Sa gen a 4 cikin 10, bes (ƙasan sauti) a 4, mid (tsakiyarsa) a 6, tirebul (samansa) a 5, firesens (can ƙololuwar sama) a 4. Danne tsirkiya mai kauri da gefen tafin hannunka ka buga. Idan ta amsa da nauyi kuma ta tsaya cak da ka tsaya, gen ya isa. In ka ga dole sai an ƙara, ƙara rabin lamba kawai.

Mid ɗin nan kada ka kwashe shi, don Allah. Na san in ka rage shi kai kaɗai a ɗaki sautin yana yin girma a kunne. To amma ƙasa na babbar ganga ne da jitar bes, sama na faya-fayen tagulla na mai ganguna ne. Tsakiya ce kaɗai gidan jita, in ka bar ta ba ka da wurin zama a cikin kiɗan. Abin da ya sa kake ɓacewa ke nan.

Gaban amfilifayar ka sa Scream 808, kwaikwayon Tube Screamer na Ibanez, 'yar na'urar da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya. Gen ɗinsa a 0 ko 1, ton a 5 zuwa 6, ƙarfin fitarsa a ƙure. Aikinsa a nan shi ne rage ƙasan sauti, tun daga wajen 720 Hz zuwa ƙasa, kafin ya isa inda ake murƙushe shi. Ƙasan da ya shiga murƙushewa da yawa shi ke zama laka. Idan an rage shi tun a ƙofa, bes ɗin amfilifaya zai dawo maka da nauyin a tsabtace. Bayan ka kunna shi, sake rage gen na amfilifaya kaɗan, domin yanzu ana tura shi da ƙarfi.

Wurin da ya kamata ka fi ɓata lokaci shi ne akwatin sifika da makirfo, ko fayil ɗin IR, wato kwafin sautin wani akwati da makirfonsa, idan da shi kake aiki. Sauya akwati yana sauya sauti fiye da sauya amfilifaya. Fara da akwati mai sifiku huɗu 'yan inci 12 na Celestion Vintage 30, da makirfo irin Shure SM57. In makirfon na kallon tsakiyar sifika daidai, sautin zai yi tsini yana sukar kunne. Matsar da shi a hankali zuwa gefe, za ka ji yana yin laushi, in ka wuce gona da iri kuma ya dushe. Wurin da ake nema yana kusa da bakin ɗan murfin nan na tsakiyar sifikar. Sannan ka yanke sama da ƙasa a kan akwatin. Sifikar jita ta gaske tana fara rage sauti daga wajen 5000 Hz zuwa sama, amma manyan sifikun fili da hedifon suna fitar da komai har abin da ba a so. Yanke sama a 8000 Hz idan ɗauka ake yi, a fili kuma ka sauko har 6000 in kunne ya buƙata. Ƙasa ka yanke a 80 zuwa 100 Hz. Tsirkiya mafi kauri a ɗaurin da aka saba tana kan 82 Hz, ta jita mai tsirkiya bakwai tana kan 62, don haka mai wannan sai ya sassauta yankan zuwa wajen 70.

Ka duba wani abu kuma. Idan na'urar na zuwa miksa ko kwamfuta, dole akwatin cikinta ya kasance a kunne, in babu shi zuzun zai fi ƙarfin duk wani gyara. Idan kuwa tana zuwa akwatin jita na gaske, kashe na cikin, in ba haka ba sautin zai toshe.

Kada ka yi saiti da tsakar dare da ƙaramar murya don gudun damun maƙwabta. Tun 1933 masu binciken sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin ƙasa da sama sosai idan murya ta yi ƙasa. Sai ka ƙara su, ran da aka ɗaga murya su yi maka yawa. Yi saitinka da ƙarfin da za a yi wasa da shi. Sa lufa, mai ɗaukar bugu yana maimaita shi, a farkon jerin, ɗauki gajeren bugu ya riƙa maimaituwa, kunna ganguna da bes tare da shi, hannunka biyu su koma kan maɓallai.

Wajen ƙara murya, maɓallin Master yana sauya yanayin sautin, gwamma ka bar shi tsakanin 3 da 4 a irin waɗannan amfilifayoyi. Ch Vol ne ke ƙara murya kawai. Rage Sag don bugun ya ƙara ɗauruwa, Hum da Ripple kuma, masu kwaikwayon gurnanin wuta, mayar da su 0. A kwamfuta kada ƙololuwar sauti ta wuce wajen -12 dB, domin fashewar dijital ba ta gyaruwa bayan ɗauka.

Saura gurnani. Wutar Saudiyya tana tafiya a 60 Hz, gen mai yawa kuma yana ɗaga ta tare da ninkinta na 120 da 180. Yi amfani da fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, mai naɗi biyu na kusa da gada, inda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinta; mai naɗi ɗaya yana kwasar ƙara. Juya jikinka nesa da kwamfuta da fitilun da ake rage haskensu. In gurnanin ya zo ne bayan ka haɗa da miksa, danna maɓallin Ground Lift da ke kusa da mafitar XLR, amma kada ka taɓa cire ƙafar ƙasa ta filogi, wannan kasada ce da rai. Ƙofar hana ƙara ta mashiga ka fara ta a -60 dB, ka ɗaga a hankali har shuuu ɗin ya ɗauke. In ta fara yanke wutsiyar sauti mai tsawo, ka wuce, dawo baya.

Laimar Jidda kuma tana saurin sa tsirkiya tsatsa, tsirkiyar da ta mutu ba maɓallin da zai dawo mata da kaifi. Goge su bayan kowane wasa. In kana sassauta mai kaurin zuwa D, sa saiti mai lamba 10 zuwa 52 don kada ta riƙa lilo a ƙarƙashin hannunka. Idan fikof ɗinka EMG ne, irin mai aiki da batiri, duba batirinsa mai bolt 9 kafin ka taɓa komai a na'urar.