Filin Tambaya da Amsa: Anti, in saida tumakina in shiga netwok?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema kuma a sakaya sunana. Ni matar aure ce a wani ƙauye nan gefen Gumel, ina ɗan kiwo kuma ina suyar awara da yamma. To ƙanwar maigidana ce da take aure a Kano tazo gida biki, sai tazo min da wata harka wai ita netwok, tace kamfani ne na ƙasar waje masu shayin rage tumbi da maganin sanyi da sabulu, ana rajista da dubu 85 sai a baki kaya, sannan ki kawo mutum biyu su shiga ƙarƙashinki, ɗaya ƙafar dama ɗaya ƙafar hagu, suma su kawo bibbiyu, ke kina kwance a ɗaki alat yana shigowa. Ta nuna min hoton wata an bata makullin mota da wasu an kaisu Dubai, tace ita ma saura ƙiris ta kai matakin da ake biya wa mutum Umara. Nace bani da kuɗi, tace in aika da tumakina biyu Maigatari ranar Alhamis, kafin wata uku na mayar da huɗu. Da nace bari in shawarci maigida sai tace ai Yaya ba zai gane ba, irinsu ne masu kashe wa mutum gwiwa, inyi shiru sai dai yaga sakamako. Kuma wai gurbin da ta ajiye min ranar Juma'a zai rufe. Tace wannan ba irin MMM bane tunda akwai kaya a hannu, ga rajistar CAC ga lambar NAFDAC. Wlh Anti zuciyata ta kasu biyu, kuma ina jin nauyinta, kin san zama da dangin miji.

Daga wata 'yar uwa, Gumel, Jigawa.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki saida tumakin nan. Na fara da wannan ne saboda ban san ko za ki karanta har ƙarshe kafin Alhamis ba.

Tambaya ɗaya ce nake so ki riƙe, daga aljihun wa kuɗin yake fitowa? Ke dai kin san awararki, kin auno waken suya, an kai niƙa, kin tace, kin sa ruwan tsami, kin soya, yaro ya kawo ɗari biyu ya karɓa da yaji ya tafi, gobe ya dawo saboda daɗinta yaji. Babu wanda kika ce sai yayi rajista kafin yaci, kuma babu wanda kika ce ya kawo miki mutum biyu. To ki tambayi ƙanwar mijinki cikin raha, ba da faɗa ba, a watan da ya wuce kwali nawa na shayin nan ta sayar wa mutumin da baya cikin harkar, wanda ya siya kawai dan yana so ya sha? Za ki ga ta fara kame-kame, ta koma zancen mota. Kayan irin waɗannan kamfanoni tsadarsu ta wuce hankali da gangan, saboda a cikin kuɗin kwali ɗaya ake cire ladan na samanki da na saman na samanki har can ƙololuwa, to wa zai siyi shayin dubu goma sha a garin da ake lissafin kuɗin taki? Masu siya sune dai masu rajista. Kuma abin da ba za a faɗa miki ba sai kin shiga shine da yawansu sai kina siyan kaya duk wata kafin makinki ya cigaba da ƙirguwa, in kika tsallake wata ɗaya ladan ya tsaya. Shi yasa in kika shiga ɗakin masu wannan harka ki ɗaga kai saman wadrob ko ki leƙa ƙarƙashin gado, kwalaye ne jere sunyi ƙura, wasu har kwanan watansu ya wuce, ita ce dila kuma ita ce kwastoma.

Sai lissafin ƙafar dama da ƙafar hagu, ɗauko biro kiyi da kanki. Biyu su kawo huɗu, huɗu su kawo takwas, a layi na 10 ana neman mutum 1,024, wato ƙauyenku kaf da jarirai. A layi na 20 an haura miliyan ɗaya, a layi na 28 ana neman sama da miliyan 268, duk Najeriya bamu kai haka ba. Kuma duk inda aka tsaya, yau ne ko baɗi, kusan rabin mutanen da suka zuba kuɗi suna layin ƙarshe ne babu kowa a ƙasansu, in kika haɗa da layin da yake bi musu an kai kusan kashi uku cikin huɗu. Wannan ba laifin lalaci bane kamar yadda suke faɗa a semina, wai wanda bai samu ba bai dage bane, haka aka gina abin tun farko. Motar da kika gani a hoto, in ma da gaske ta matar ce ba haya akayi ba, tumakin mata irinki ne suka siye ta.

Batun cewa ba MMM bane, eh akwai ɗan bambanci. MMM na wani ɗan Rasha ne Sergei Mavrodi, babu kaya ko allura, alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata kawai, suka rufe asusun mutane a Disambar 2016 aka shiga kuka. CBEX ma da ya rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 babu shayi babu sabulu. Amma in dai kayan rufa ido ne kawai, ainihin kuɗin daga rajistar sababbin shiga yake zuwa, to ba cinya ba ƙafar baya. Kuma kar kiga wai kamfanin ƙasar waje ne ki ɗauka can ana tafa musu. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200 dan a mayar wa waɗanda suka yi asara, aka kuma tilasta masa ya sake tsari yadda lada zai dogara da sayarwa ga masu amfani na gaske ba tara mutane ba. Chaina kuwa tun 1998 ta haramta harkar, da ta sassauta daga baya ma bata yarda da wannan tsarin na hawa-hawa ba.

CAC kuma rajistar suna ce, mai shagon katin waya ma zai iya yi, bata nufin gwamnati ta duba yadda kake raba kuɗi ta sa albarka. Lambar NAFDAC akan kaya take ba akan harkar ba, kuma a magungunan ganye bata nufin an tabbatar yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafo. Wannan ɓangaren ne ma yafi ɓata min rai wlh, a sa tsohuwa mai hawan jini ko ciwon suga ta ajiye maganin asibiti ta koma shan shayi saboda jikarta tana neman maki. Masu karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari hukumar SEC ce take basu lasisi, kuma sabuwar dokar 2025 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 10 ga masu shirya irin su MMM da masu tallata su.

Yanzu dawo kan maganganun da ta faɗa miki, dan ba daga kanta ta ƙirƙiro su ba, koya musu akeyi. Ana tara su a ɗakin taro na otal, a kunna kiɗa, a kira wani ya fito da kaftani mai sheƙi yace da acaɓa yake yi yanzu ga shi, ayi ta tafi da kabbara, sannan ace kowa ya buɗe wayarsa ya rubuta sunayen duk wanda ya sani, 'yan uwa, 'yan Islamiyya, 'yan adashe, surukai. A cikin wannan jerin sunanki ya fito. Gurbin da zai rufe ranar Juma'a babu shi, ki kirata bayan wata shida za ki tarar yana nan a buɗe, an saka ranar ne dan kar ki samu lokacin tunani. Kar ki faɗa wa Yaya kuwa shine babban abin da zai sa ki tsaya cak, duk neman kuɗin da sharaɗinsa shine ki ɓoye wa mijinki da duk mai iya ce miki a'a, to shigo-shigo ba zurfi ne. Har suna da sunan da suke kiran mai hana ka, wai mai tunanin talauci. Sai kuma a yayyafa Umara a kai dan abin yayi ƙamshin addini.

Tunda an taɓo addini, dillanci halal ne, ka haɗa mai kaya da mai siye a baka la'ada. Amma nan ke ce kike biya kafin a yarda ki zama dillaliya, kuma abin da kike siya a zahiri fata ne ko za ki samu wasu su shigo ko ba za ki samu ba, malamai da yawa sun ce wannan garari ne da cin dukiyar mutane da ɓarna, kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ma ya haramta irinsa. In za ki tambayi malamin garinku kar kice masa saida shayi ya halatta, zai ce eh, ki warware masa komai har batun ƙafafun.

Ita kuma ƙanwar mijinki bana zaton muguwa ce, nafi zaton ta zuba nata ne kuɗin basu dawo ba, na samanta yana kiranta safe da yamma, ƙafarta ta hagu babu kowa, dubu 85 ɗinki ce za ta cike. Kuma ki tuna in kin shiga ke ma sai kin nemo biyu, su waye? Ƙanwarki ce da maƙwabciyarki, waɗanda za ku haɗu gidan suna da gidan rasuwa har ƙarshen rayuwa, ita ta koma Kano ke kina nan ana nuna ki da baki. Ki faɗa wa maigidanki yau. Ita kuma kar ki ƙara ce mata baki da kuɗi, dan suna da amsar wannan, za tace ki ɗauki kwasar adashe ko ki ranta ko ta cika miki. Ce mata kawai Allah ya sa albarka amma ni ba zan yi ba, duk abin da ta ƙara faɗa ki maimaita wannan ɗin kina murmushi. Za tayi fushi na ɗan lokaci.

*

Salam Anti. Ni matashi ne daga wani ƙauye a yankin Wudil, na gama NCE babu aiki. Wani abokina da muka yi makaranta tare ya kirani yace ya samo min aiki a Abuja a kamfanin da yake biya da dala, amma sai nazo da dubu 650 na horo da masauki, kuma yaƙi faɗa min sunan kamfanin ko irin aikin, yace sai nazo in gani da idona, ba'a bayaninsa a waya. Babanmu har ya fara maganar jinginar da gonar fadama. Ya kike gani?

Daga wani ɗanki, Wudil, Kano.

Ɗana, kace da Baba ya bar gonarsa. Aiki shi yake biyanka, duk inda akace ka kawo dubu ɗaruruwa kafin a ɗauke ka to kai ne cinikin. Wannan ƙanin netwok ɗin wasiƙar sama ne, sai dai yafi shi mugunta saboda ana raba ka da gida tukuna. Yadda abin yake tafiya, kana sauka a tasha za'a tarbe ka da fara'a, a kaika wani gida a bayan gari inda samari da yawa suke kwana a tabarma ɗaki ɗaya, washegari a zaunar da kai lacca, a karɓi kuɗin a baka agogo ko wata sarƙa wai ta lafiya ko ace an siya maka wani abu a intanet, sannan a faɗa maka gaskiyar aikin, wato ka kira mutum biyu ka faɗa musu irin abin da aka faɗa maka. A lokacin kuɗin gona sun tafi, kunyar dawowa gida hannu rabbana ta kama ka, sai kaga ka ɗauki waya kana kiran ɗan kawunka kana cewa an samu aiki. Ina kyautata zaton haka ce ta faru da abokin naka.

Gwada shi da abu uku, ya turo cikakken sunan kamfanin da adireshin ofis, ya turo takardar ɗaukar aiki mai sunanka da albashi a rubuce, sannan kace za ka zo ba da ko sisi ba kuma yayanka zai rako ka. Za ka ji murya ta canza, ko a miƙa wa wani oga wayar ya fara ce maka dama sau ɗaya take zuwa. In ka samu abokin shi kaɗai a layi ka tambaye shi tsakani da Allah ko yana son dawowa, in kuɗin mota ne ya hana shi ku haɗa masa, amma ku biya direba a tasha kar ku tura asusun da zai bayar. In kuma ka fahimci an riƙe masa waya ko ba'a barinsa fita, ka sanar da iyayensa a kai maganar wajen 'yan sanda ko EFCC da lambar da yake kiranka da ita.