Fatawa: Mai Buga Loto da Lambar Mafarki, Yana Cewa Kyautata Zato Ne

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ina dako a kasuwar Mile 12, nan Legas. Kullum nakan ware naira 200 in buga loton da ake kira Baba Ijebu. In na yi mafarki sai in kai wa wani mai duba ya fitar min da lamba, ranar da kuma na fara cin karo da wanda ake cewa ba shi da ƙashin arziki, ba na bugawa. Abokina ya ce rashin sa rai ne yake hana ni ci, wai ko hadisi ya ce a kyautata zato ga Allah. In na ci, haya zan biya, in aika gida, in sa wani abu a masallaci. Ya halatta?

AMSA: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, bai halatta ba. Loto caca ce, domin ka sa kuɗi ne don ka ci na waɗansu ko su ci naka, babu haja a tsakani, babu aiki. Malamai ba su yi saɓani a kan haramcinta ba. A aya ta 90 ta Suratul Ma'ida Allah ya jera giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a, ya ce ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, ku nisance su. Kiban nan su ne Larabawan jahiliyya suke zarowa don su san ko su yi abu ko su fasa. Abin da ya tayar min da hankali a tambayarka shi ne ka haɗa biyu daga cikin huɗun a takarda ɗaya: ga caca, ga neman gaibu a inda babu shi.

Mai duban ya fi cacar hatsari. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Da ya san lambar gobe, da bai zauna jiran 'yan kuɗin da kake ba shi ba. Mafarkin gaskiya kuwa akwai shi, amma bushara ce ko gargaɗi, ba a gina hukunci a kansa, ba ya mayar da haram halal. Shi kuma wancan bawan Allah da kake gudun fuskarsa da safe, ka zalunce shi a zuciyarka. Wannan camfi ne, kuma a hadisin Ibnu Mas'ud da Abu Dawud ya ruwaito Annabi (SAW) ya kira shi shirka. Maganinsa tawakkali: in abin ya ɗarsu a ranka, ka wuce harkarka ta halal kada ka juya.

Maganar abokinka tana da asali, wurin ajiye ta ne ya kuskure. Gaskiya ne Allah ya ce yana nan inda zaton bawansa yake, kuma Annabi (SAW) yana son fata nagari, wato kyakkyawar kalma da mutum zai ji ta ƙara masa ƙwarin gwiwa. Amma wannan na wanda ya kama sababi na halal ne, kamar kai da kake sammako ka tari motocin tumatir da albasa kana fatan Allah ya sa albarka. Wanda ya saɓa umarni yana jiran a saka masa a cikin saɓon, ruɗin kai yake yi. A Sahihu Muslim an ambaci matafiyi mai ƙura a jiki yana ɗaga hannu yana "Ya Rabbi, ya Rabbi", alhali cinsa da shansa da tufarsa haram ne. Aka ce ta yaya za a amsa masa? A farkon hadisin nan aka ce Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki, kuma amsar niyyarka ta masallaci ke nan.

Ko ta fuskar lissafi ka duba. Lambobi 90 ne, ana fitar da 5. In ka zaɓi biyu, damar su fito tare kusan 1 ce cikin 400, ana kuma biyan ninki 240. Wato a kan kowace naira 40,000 da talakawa suka zuba, kimanin 24,000 ce take komowa, saura ta tafi. Na'urar da take juya lambobin ba ta san abin da ke ranka ba, kuma lambar da ta daɗe ba ta fito ba, ba ta fi sauran kusa ba. Ɗari biyunka ta kullum naira 73,000 ce a shekara.

Don haka ka tuba, ka daina daga yau, ka yanke da mai duban. In akwai ragowar abin da ka taɓa ci a hannunka, ka ba mabuƙata ko ka sa a aikin amfanin jama'a da niyyar rabuwa da shi, ba neman lada ba. Kuɗin da kake warewa ka zuba a adashi da amintattun abokan aikinka, wannan halal ne. Ka yawaita istigfari, ka ci gaba da aika wa gida ko kaɗan ne, domin Bukhari ya ruwaito cewa mai son a yalwata masa arziki ya sada zumunci. In kuma ka ga hannunka yana komawa shagon duk da tuban, ka sauya hanyar da kake bi, ka ba wani ɗan'uwa amintacce ajiyar cinikin yamma har zuciyar ta saba.

Wallahu a'alam.