Yadda ake gugar aska a kan fatar guga ba tare da an kashe mata kaifi ba

Tambaya: Na sayi aska irin mai naɗewa cikin ƙotarta, tare da fatar guga wadda ake ratayewa. Da farko tana aski lafiya lau, amma tun da na fara gugarta a kan fatar sai ta koma tana fizgar gashi, kuma na riga na yanki fatar a wurare da dama. Mene ne nake yi ba daidai ba, kuma yaya zan koyi gugar yadda ya kamata?

Amsa: Malam, alamun nan biyu da ka ambata, wato dakushewar askar da yankan fatar, kusan kullum tushensu ɗaya ne: nauyin hannu da kuskure wajen juya aska. Kafin mu kai can, ya kamata ka san aikin da fata take yi. Dutsen washi yana cin ƙarfe ne ya fitar da sabon baki, ita kuwa fata ba ta cin wani ƙarfen a zo a gani. Bakin aska siriri ne ƙwarai, gashin gemu kuma yana da tauri, saboda haka kowane aski yana lanƙwasa bakin a wuraren da ido ba ya iya gani. Fata takan miƙar da waɗannan wurare, ta share datti da tsatsar da ta fara kamawa, ta bar bakin da santsi. Wanda ya ɗauka cewa washi yake yi zai danna da ƙarfi, kuma daga nan ɓarna take farawa.

Dubi askarka da kyau, za ka ga bayanta yana da kauri, cikinta kuma an rarake shi har ya sirance zuwa baki. Maƙeran wuraren da suka shahara da wannan sana'a, irin su Solingen a Jamus da Sheffield a Ingila da Thiers a Faransa, sun auna kaurin bayan da faɗin ruwan askar ta yadda idan aka kwantar da ita, baya da baki suka taɓa fata tare, kusurwar da ake buƙata ta samu da kanta. Don haka ba aikinka ba ne neman kusurwa. Da zarar ka ɗaga bayan daga fata, ko da kaɗan ne, nauyin duka ya koma kan bakin, sai ya murɗe ya dakushe.

Ka rataye fatar a ƙugiya mai ƙarfi daidai ƙugunka, ka ja ta da hannu ɗaya har ta miƙe, amma ba ja na ƙarfin tsiya ba. Idan ta yi sako-sako, za ta lotsa a ƙarƙashin askar ta naɗo bakin, sakamakon kuma daidai yake da na ɗaga baya. Ka riƙe askar da babban yatsa da manuni a wuyanta, wato ƙarfen da ke tsakanin ruwan askar da ƙota, ka kwantar da ita, sannan ka ja ta bayan yana gaba bakin yana biye. Kada ka ƙara mata nauyin da ya wuce nata, illa ɗan abin da zai hana ta rabuwa da fatar.

Juyi shi ne inda nake so ka fi mai da hankali, domin a nan ne kusan duk mai koyo yake yanka fatarsa. Idan ka kusa ƙarshen fatar, ka tsaya cak tukuna. Ka bar bayan askar a kan fata, ka mirgina ta a kansa da yatsunka kamar yadda ake mirgina fensir, bakin ya tashi sama ya zagayo ya sauka a ɗaya gefen. Wuyan hannunka ba shi da aiki a nan, yatsu ne kaɗai suke motsi. Sai ka fara komowa daidai lokacin da bakin yake sauka, ta yadda zai tarar da askar ta riga ta kama hanyar dawowa. Idan bakin ya sauka alhali hannunka bai gama tafiyar farko ba, to kaifi ne a gaba, kuma nan take zai nutse cikin fatar. Ka duba inda yankanka suke. Ina kyautata zaton za ka same su a ƙarshen fatar sama da ƙasa, daidai wuraren juyi. Juya aska ta kan bakinta kuwa, wannan kada ka kuskura ko sau ɗaya.

Tsawon ruwan aska yakan kai inci 3, wato kusan santimita 7.5. Idan fatarka ba ta kai wannan faɗin ba, ka riƙa jan askar a karkace, ta fara daga gindi ta ƙare a tsini, domin bakin duka ya samu rabonsa. Game da adadi, yawancin masu aski da aska sukan yi zuwa da dawowa 15 zuwa 25 a gefen yadin lilin idan fatar tana da shi, sannan 40 zuwa 60 a kan fata, kafin kowane aski. A ganina adadin bai kai natsuwa muhimmanci ba, kuma saurin da kake gani a hannun wanzamai shekaru ne suka kawo shi. Ka saurari ƙarar ma: idan askar ta kwanta daidai za ka ji sautin shafa mai laushi iri ɗaya a tafiya da dawowa, idan kuwa ya koma kamar kankara, bayan ya tashi.

Shawarata ita ce ka ajiye askar na ɗan lokaci, ka yi atisaye da wuƙar tebur marar kaifi a kan tsohon bel ko jarida da aka ninke, har juyin ya zauna a yatsunka. Ƙananan yankan da ke jikin fatar za ka iya lallashe su da samfefa mai laushi, wanda ya ɗago leɓe kuma ka manne shi da ɗan gam, ka jira ya bushe sannan ka daidaita wurin. Shafa fatar da tafin hannu kafin guga ya wadatar wajen kula da ita. Mai ba a sa shi sai ta bushe sosai, shi ma ɗan kaɗan.

Ita kuwa askar, ka gwada yi mata guga 100 a hankali bisa wannan tsari. Idan har yanzu tana fizga, bakin ya riga ya murɗe fiye da abin da fata za ta iya gyarawa. Wani lokaci garin chromium oxide, wani sinadarin goge ƙarfe mai launin kore, yakan farfaɗo da bakin da bai lalace sosai ba cikin 'yan guga kaɗan, amma shi yana cin ƙarfe, don haka a kan wata fata daban ake shafa shi, ba a kan wadda kake amfani da ita kullum ba. Idan wannan ma bai yi ba, sai ka kai ta wurin wanda ya ƙware a washin aska ya sake fitar mata da baki a kan dutse, kuma ka tabbata hannunka ya saba da juyi kafin ka sake ɗora ta a kan fata.