An datse jinin ƙodar maigidana minti 27, ta lalace ke nan?

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan da aka yi wa maigidana tiyata, aka yanke ƙari a ƙodarsa ta hagu aka bar ragowar ƙodar. A takardar sallama an rubuta cewa an datse jinin ƙodar na minti 27. Wani ya ce min in aka haura minti 25 ƙodar ta tashi aiki. Shekarunsa 54, yana da hawan jini, ɗaya ƙodar lafiyarta ƙalau. Wankin ƙoda ne a gabanmu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Ki kwantar da hankalinki, minti 27 ba ya kashe ƙoda, kuma mai ƙoda ta biyu lafiyayya da wuya irin wannan aiki ya kai shi ga wanki.

Ƙoda gaɓa ce mai shan jini sosai. Su biyun nan, duk ƙanƙantarsu, kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinsu yake bi. In likita ya sa wuƙa bai tsayar da jinin ba, wurin zai malale har ya kasa ganin iyakar ƙarin. Shi ya sa ake maƙala wa jijiyar da ke kai mata jini ɗan ƙarfe. Nan take ƙodar ta yi fari-fari ta saki, wani a ɗakin tiyata ya kama agogo yana faɗin mintuna da ƙarfi. A yanke, a ɗinke, a cire ƙarfen, sai ki ga ja yana dawo mata a hankali.

A tsakanin nan, masu shan wuya su ne ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin 'yan siraran bututun da ke tace fitsari, don su ne masu cin iskar oksijin da yawa. Suna kumbura, wasu su mutu su zube. Amma akasarinsu suna sake tofowa cikin kwanaki ko makonni. Abin da ba ya dawowa shi ne matatun da aka yanke tare da ƙarin, da waɗanda zaren ɗinki ya shaƙe wa jini. Kowace ƙoda tana da kimanin miliyan ɗaya, kuma jiki ba ya yin sabbi. Kamar lambu ne: in an toshe magudana na ɗan lokaci ganye ya yi yaushi, da ruwa ya dawo sai ya miƙe. Fangalin da aka sare kuwa ya tafi.

Wanda ya ce miki minti 25 ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. A 2010 likitocin asibitocin Mayo da Cleveland a Amurka sun bi mutum 362 masu ƙoda guda ɗaya tak, suka ga haɗarin rauni yana ƙaruwa da kowane minti, musamman bayan 25. Sai dai da aka sake duba lamarin a 2011 kan mutum 660, aka sa yawan naman ƙodar da aka bari da ƙarfinta kafin aiki cikin lissafi, sai tasirin mintunan ya dusashe. Dalili a fili yake: babban ƙari mai zurfi shi ke cin lokaci, shi ne kuma ke tafiya da nama mai yawa, sai laifin ya faɗa kan agogo. A 2013 a birnin San Antoniyo na Amurka, an riƙa tsinkar ɗan nama daga ƙodar mutum 40 ana cikin aiki, akasarinsu an datse musu jini fiye da minti 30, aka tarar ɓarnar ba ta kai yadda ake tsoro ba. Daga baya gwajin CLOCK a Italiya ya raba mutum sama da 300 gida biyu, masu datsewa da marasa datsewa, bayan wata shida aikin ƙodarsu bai bambanta ba.

Duk da haka ba na wasa da agogo. Ga mai ƙoda ɗaya, ko wanda ciwon suga ya riga ya ci ƙodarsa, ko in aiki zai kai minti 40 zuwa sama, kowane minti abin tattali ne, har akan lulluɓe ƙodar da ƙanƙara don ta ƙara juriya.

A wajen maigida, hawan jinin nan ya fi damuna a kan minti 27, don shi kullum yake cin matatun da suka rage, a ƙodojin biyu, ba tare da an ji ciwo ba. Idan kun koma asibiti ki tambayi likitansa kashi nawa na ƙodar aka bari. A yi gwajin jini na kiriyatinin a fitar da lambar eGFR mai nuna ƙarfin tacewar ƙoda, a kwatanta da ta kafin tiyata, a kuma duba furotin a fitsari. Sakamakon wata uku zuwa shida shi ne matsayin da ƙodar ta tsaya, kuma raguwar kusan kashi 10 cikin 100 abu ne da aka saba gani. Ya riƙe maganin hawan jini, a rage masa gishiri da dunƙule a miya, ya guji Diclofenac da Ibuprofen da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Ranar ɗaukar hoton bibiyar ƙarin kuma kada ta wuce ku.