Zan nemi horon aiki na shekara guda a wata gona a Danmak, ya halatta?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne ina ajin ƙarshe a fannin kiwon dabbobi. Na samu hanyar neman horon sanin makamar aiki na shekara ɗaya a wata gona a ƙasar Danmak, da ɗan alawus duk wata. Dillalin da yake haɗa mini takardu ya ce gonakin aladu sun fi saurin ɗaukar mutum, wai ai ba ci zan yi ba. Ya kuma ce zai samo mini takardar shaidar na yi aiki shekara 2 a wata gona, alhali ban yi ba. Abokaina suna cewa in na shiga kada in dawo. Mahaifiyata ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Mene ne hukuncin wannan tafiya?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tambaya tun ba ka sa hannu a takarda ba.

Ita tafiyar a karan kanta halas ce. Malamai sun halatta wa Musulmi zuwa ƙasar da ba ta Musulmi ba don neman ilimi ko sana'a ko magani, matuƙar zai iya bayyana addininsa kuma bai ji wa kansa tsoron fitina ba. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 5 bayan aiko Annabi (SAW), ƙarƙashin sarki Kirista, kuma Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin yaƙin Khaibar, alhali Madina ta daɗe da zama gidan Musulunci. Hadisin nan na Abu Dawud da Tirmizi da Annabi ya barranta daga Musulmin da ke zaune a tsakiyar mushrikai, Tirmizi kansa ya kawo daga Bukhari cewa mursali ne, wato babu sunan sahabi a jerin masu ruwayarsa, waɗanda suka inganta shi kuma da yawansu sun ɗora shi a kan wanda ba ya iya tsai da addininsa a can, kamar yadda aya ta 97 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Na san almajirai za su ce ai Risala, littafin fiƙihun mazhabar Malik, ta karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gaba. Haka ne, amma a wannan jimlar dai aka haɗa da ƙasar Sudan, ma'ana ƙasar baƙar fata, wato nan inda muke zaune muna karanta Risalar. Illar da aka duba, wato dalilin hukuncin, ita ce halin da matafiyi zai tarar a wancan zamani, kuma hukunci yana tafiya ne da illarsa.

Yi wa wanda ba Musulmi ba aiki don a biya ka ma babu laifi. Khabbab ɗan Aratti maƙeri ne a Makka, ya yi wa Asi ɗan Wa'il aiki, labarin yana cikin Bukhari.

Inda maganar take da nauyi shi ne gonar aladu, kuma gara ka san ƙasar da ka nufa. Mutanen Danmak wajen miliyan 6 ne, aladen da suke kiwo sun fi su yawa nesa ba kusa ba, naman alade yana cikin manyan kayan da suke fitarwa waje. Don haka dillalinka bai yi ƙarya ba da ya ce can aka fi neman hannu. Kuskurensa yana cikin "ai ba ci za ka yi ba". Jabir ɗan Abdullahi ya ji Annabi (SAW) yana cewa a Makka, shekarar da aka buɗe ta, Allah da Manzonsa sun haramta sayar da giya da mushe da alade da gumaka. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Abin da aka haramta cinikinsa, ba a ɗaukar mutum aikin raya shi don a kai kasuwa.

Mutane suna ruɗewa a nan, suna ɗauka matsalar najasa ce, sai ka ji wani ya ce zai sa safar hannu da dogon takalmi. A mazhabar Malik alade mai rai ba najasa ba ne, duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa. Da za ka taɓa shi da rai ka je ka yi salla, sallarka ta yi. Abin da ya lalace shi ne ƙodagon kansa, domin amfanin da aka ɗauke ka dominsa haramtacce ne. A Mudawwana, babban littafin mazhabar, an tambayi Ibnul Ƙasim, almajirin Malik, game da Musulmin da Banasare ya ɗauka ya yi masa kiwon aladu, sai ya ce a karɓi ladan daga hannun Banasaren a yi sadaka da shi ga miskinai, kada a ba Musulmin, don ladabtar da shi. Ka ga ke nan shekara guda za ka yi kana tashi da asuba cikin sanyin da ba ka taɓa ji ba, a ƙarshe kuɗin da ka turo wa mahaifiyarka ba naka ba ne. Sannan ni ina mamaki, wane ilimi za ka ɗauko daga ɗakin aladu ka kawo Zariya ko Gusau? Danmak ta yi suna wajen shanun madara, kuma abin da muke fama da shi a gida ke nan, saniya tana ba da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Ka nemi gonar shanu, ko ta kaji, ko ta kayan lambu.

Kada ka yarda da maganar baki. Ka ce a turo maka takardar yarjejeniyar, ka karanta sunan gonar da irin dabbar da aikin da aka rubuta maka. In gonar tana da shanu da aladu duka, ka sa a rubuta cewa aikinka a ɓangaren shanu yake. In mai gona ya ƙi, ka bar ta. Wanda ya sauka a ƙauyen da bai san kowa ba, ga bashin kuɗin jirgi a wuyansa, ba ya iya cewa a'a idan aka miƙo masa bokiti, don haka a nan gida ake faɗinta.

Takardar shaidar aikin da ba ka yi ba kuwa haramun ce, ba na ganin wata kafa a cikinta. Ƙarya ce daga gare ka, shaidar zur ce daga wanda zai buga hatimi, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, bai ce sai in Musulmi aka yi wa ba. Mai gona zai ɗauke ka yana zaton ka saba da injin tatsa, ya bar ka da garke, ran da aka samu ɓarna dukiyarsa ce ta tafi. Ka rubuta abin da ka yi na gaskiya, ko da watannin aikin gwaji ne na makaranta. Shirin na masu koyo ne, ba a ce sai gwani ba. Kuɗin dillali halas ne in aikinsa cike takardu ne da haɗa ka da gona, amma abin da zai karɓa don takardar bogi haramun ne gare shi ya karɓa, haramun ne gare ka ka bayar.

Su kuma abokanka, ka ba su labarin Huzaifa ɗan Yamani. Ƙuraishawa sun tare shi da mahaifinsa a hanya, suka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso suka faɗa masa, ga Badar a gaba, ga Musulmi 'yan kaɗan, sai ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. Bizar da za a buga maka alkawari ce irin wannan: ka ce shekara ɗaya, don horo. In ta ƙare, ko dai ka sabunta ta hanyar da dokarsu ta yarda, ko ka ɗauko jakarka.

Abin da ya shafi ibada: tunda ka yi niyyar zaman da ya wuce kwana 4, kai mazauni ne, babu ƙasaru. Juma'a tana kanka in tsakaninka da masallacin bai wuce mil 3 ba, in ya wuce sai ka yi azahar, ko da yake ina ba ka shawara ka roƙi hutunka ya riƙa faɗawa ranar Juma'a, don kada ka shekara ba ka ga sahu ba. A watan Yuni yini yana kai awa 17 a can, shafaƙi kuma ba ya ɓacewa sosai, sai ka bi jadawalin masallacin da ya fi kusa da kai a lokutan isha da asuba. Tun 2014 dokarsu ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka ka tambayi Musulmin wurin inda suke sayen nama, kafin nan ga kifi da ƙwai da wake.

Saura Hajiya mahaifiyarka. Wannan tafiya ba farilla ba ce, kuma Annabi (SAW) ya mayar da mai neman fita jihadi wurin iyayensa. Shirunta ba izini ba ne, mai yiwuwa kunyar hana ka take ji. Ka zauna da ita ba a gaban mutane ba, ka gaya mata wace gona ce, wane wata za ka dawo, wa zai riƙa kai ta asibiti da yi mata cefane in ba ka nan. In ta sa albarka, ka yi istihara ka tura takardunka. In ta ce ka zauna, ka zauna.

Wallahu a'alam.